'YAR MUSAYA

Shafi na 19

Masu bibiyata, na ga saƙonninku. Rabinku na cewa Dorkas ta bar wa Allah, rabi na cewa in ba ta rama ba sun daina karatu. Ni dai na san gefen da nake, kuma ba na ɓoyewa. Wanda ya shigo yau kada ya damu, zai gane inda aka dosa.

*

Ranar Asabar da hantsi, ana gobe Lahadin godiyar kaka ta 1988, Dorkas tana zaune a tsakar gidanta a Gozaki tana tsince gyaɗar da za su kai coci. Hannunta ne kawai a wurin. Hankalinta yana kan takardu biyu da ta ninke ta sa cikin Littafi Mai Tsarki.

Ta farko sabuwa ce, daga babban asibitin Zariya. Ta kai 'yarta Jane ne, don yarinya ta shekara goma sha bakwai ba ta taɓa ganin al'ada ba, tsayinta kuma bai wuce na 'yar shekara goma sha ɗaya ba. Aka ɗebi jini, aka ce su dawo bayan wata guda. Da suka koma ranar Laraba, likitar, wata matashiya mai magana a hankali, ta fara da tambayar ko suna noman gyaɗa.

"Muna yi," in ji Dorkas.

"To kin san kwanso mai ƙwaya biyu, kin kuma san mai ƙwaya ɗaya. A jikin mutum akwai wasu ƙwayoyin gado guda biyu da ke raba mace da namiji. Jane da guda ɗaya aka haife ta. Mace ce, babu tantama, kuma hankalinta lafiya lau. Za mu ba ta magani jikinta ya cika kamar na sauran mata. Amma haihuwa da wuya, Mama. Ba zan ɓoye miki ba."

"Likita, lokacin da nake da cikinta ruwa ya yi mini yawa, Baturen asibitin mishan ya rage shi da allura. Ya duba ruwan a madubin likita, aka ce mini namiji ne."

"Wancan gwajin wani ɗan ɗigo yake nema. In an gan shi a ce mace, in ba a gani ba a yi zaton namiji. Amma yarinya irin Jane ba ta da ɗigon nan, wani lokaci ma yana nan, ido ne bai kama shi ba. Gwajin nuni yake yi, ba ya yanke hukunci. Duk likitan da ya san aikinsa zai faɗi haka."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana Dorkas wucewa gida kai tsaye. Ta sauka a Malumfashi, ta nemi gidan Sista Atu, tsohuwar nas ɗin asibitin mishan, wadda ta kwashe wasu tsofaffin katuna lokacin da za a ƙone su. Atu ta jima tana tonon akwati kafin ta fito da kati mai launin ƙasa, na 1971. Ta sa tabarau ta karanta mata rubutun Baturen da Hausa: ba a ga ɗigo ba. Mai yiwuwa namiji ne, mai yiwuwa kuma mace ce mai ƙwaya ɗaya. Babu tabbas sai an haihu. An bayyana wa Malam Amos.

Wannan ita ce takarda ta biyu.

Malam Amos yayan mijinta Ishaya ne, shi ne kuma tafintan likitan a wancan zamani. Dorkas ba ta manta yadda ya shigo ɗakin marasa lafiya da farar rigarsa yana washe baki ba. Namiji ne, in ji shi, likita ya gani da idonsa. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Ranar Lahadi ya tashi ya sanar a coci, ya yanka rago tun ciki yana wata bakwai.

Naƙuda ta zo tsakiyar damina, rafi ya cika, babu hanyar asibiti. Uwar Dorkas, Marka, ita ta karɓi haihuwar. Marka ba ta taɓa shiga coci ba, Bamagujiya ce mai bin addinin iyayenta, ungozoma kuma wadda rabin ƙauyen a hannunta suka faɗo. Aka sami mace, hannuwa da ƙafafu a kumbure. Marka ta yi abin da ta saba yi wa kowa: ta wanke mabiyiya, ta binne ta a bayan ɗaki, ta yanka jan zakara a wurin.

Sai Amos ya tara dattawa. Madubin Bature ba ya ƙarya, in ji shi. Namiji ne ya shiga ɗakin nan, mace ta fito. Wa ke ciki? Me aka binne a bayan ɗaki? Jinin zakara na mene ne?

Kafin kwana bakwai magana ta zama Marka ta ba iskokinta jikanta namiji, sun musanya mata da wannan. Aka fasa tukwanenta, aka cinna wa bukkarta wuta. Tsohuwa ta taka da ƙafa cikin ruwan sama har Tsiga wurin ƙaninta, damina biyu ta ƙara a duniya. Dattawa suka hana Dorkas zuwa jana'iza, wai ta arna ce. Ta bi umarni, kuma wannan biyayyar ce ta fi komai ci mata rai har yau.

Jane kuwa tun tana rarrafe sunanta 'yar musaya.

"Mama, kin zuba mai kyau cikin ɓawo."

Dorkas ta dawo hayyacinta. Jane ce tsaye da rigar mawaƙan coci a kafaɗa, ta gama gugarta.

"Kawo kwandon nan."

Jane ta kawo, ta durƙusa kusa da ita, ta rage murya duk da ba kowa a gidan.

"Tun Laraba ba ki ci abincin kirki ba. Na san abin da kike saƙawa."

"Me nake saƙawa?"

"Katin nan na gidan Sista. Mama, kin yi mini alkawari a mota."

"Na ce ba zan nuna wa kowa takardar Zariya ba."

"Duk ɗaya ne. Wanda ya ji an ce mace mai ƙwaya ɗaya, wa zai juyo ya kalla? Ni ce."

"Kakarki ta mutu da sunan mai cin jikanta, Jane."

"Ban san ta ba, Allah ya ji ƙanta. Amma ni ina raye. Na saba da 'yar musaya, ya zama kamar sunan yanka. Gara su ci gaba da shi da a ce wadda ba za ta haihu ba. Wannan ba zan iya ɗauka ba, Mama."

Dorkas ta kalli ƙananan hannuwan nan da ke riƙe da bakin kwando, tausayi ya kama ta. Amma tausayin bai kashe wutar ba, a gefenta kawai ya zauna. Ta karkaɗe zaninta ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Gaida babanki babba."

*

Ta sami Amos a bakin coci yana tsara inda za a jera dammunan dawa gobe. Yanzu dattijon ikilisiya ne, furfura ta yi masa kyau, yana da ɗan shagon magani a Malumfashi, har yau kuma mutanen ƙauye ƙaramin likita suke ce masa. Irin mutanen nan ne da in sun yi addu'a sai an gaji da cewa amin.

"Ina kwana, Yaya."

"A'a, maman Jane. Kun dawo daga Zariya ba ku leƙo ba. Yaya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi. Magana ce ke tafe da ni, mu koma gindin ɗorawa."

Ya bi ta yana murmushi. Da suka yi nisa da mutane ta buɗe Littafin, ta zaro katin, ta riƙe shi a gabansa ba tare da ta sakar masa ba.

"Ni ban yi boko ba, Yaya. Karanta mini."

Ya dubi katin. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa.

"Ina kika samo wannan?"

"Karanta."

"Tsohuwar takarda ce, rubutun ma ya goge."

"Sista Atu ta girme ka, kuma ta karanta shi tsaf. Har sunanka a ƙasa."

Ya waiga ya ga ko akwai mai jin su.

"Ki saurare ni, Dorkas. Aikin asibiti ba kamar yadda kuke zato ba ne. Baturen ya ce mai yiwuwa namiji, ɗayar kuwa ya ce ba kasafai take faruwa ba. Wa zai je wa mace mai ciki, tana kwance da ciwo, da irin wannan magana? Tausayinki na ji."

"Na gode da tausayi. To da aka haife ta fa?"

Amos ya kawar da kai gefe.

"Da aka haife ta mace, hannunta a kumbure, kai kaɗai ne a Gozaki ka san likita ya riga ya faɗi haka. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Na riga na sanar a gaban ikilisiya."

"Shi ke nan?"

"Mutane daga Mahuta har Bakori suna zuwa wurina neman shawara. In na ce na yi kuskure, wa zai ƙara yarda da asibiti? Sai kowa ya koma wurin masu tsafi. Aikin Ubangiji nake karewa."

"Sunanka kake karewa."

"Ki iya bakinki. Uwarki ba ta yanka zakara ba? Ni na sa ta?"

"Ranar da aka haifi ɗanka Mark ma ta yanka. Ba ka ce ta musanya shi ba, naman ma ka ci."

Wannan ta shige shi. Dorkas ta ji daɗin ganin haka, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

"Me kike so yanzu?"

"Abu biyu. Gobe in an kira gidanka, ka tsaya inda ka tsaya wancan karon, ka ce Inna ba ta musanya kowa ba, kai ne ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Ba sai ka ambaci Jane ba, ba sai ka yi bayanin komai ba."

"Na biyun fa?"

"Ranar Litinin ka taka da ƙafarka zuwa Tsiga, ta hanyar da ta bi. Ban da keke. Ka tsaya a kan kabarinta ka roƙe ta gafara."

Amos ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Dattijon ikilisiya ya tashi ranar godiya ya wanke matsafiya, sannan ya je ya yi magana da kabari. Zariya ta taɓa miki kai."

"In ba ka yi ba, ni zan yi."

"Mace ba ta magana a gaban bagaden coci."

"Ranar godiya tana yi. Kowane gida ana ba uwargida dama ta faɗi abin da Allah ya yi mata a shekara. Kai ka kawo tsarin."

Sai ya gyara hularsa, muryarsa ta yi laushi, irin laushin da ya fi tsawa muni.

"To ki yi. Ki ba Fasto katin ya karanta, yana jin Turanci. Amma ya karanta duka. Ni shekara talatin ina aikin magani, na san me ƙwaya ɗaya take nufi. Tun yarinyar tana shekara goma na gane, na yi shiru don rufin asirinku."

"Ka gane?"

"Ina da ido."

"Shekara bakwai kana kallon ta ba ta girma, ka san akwai magani, ka yi shiru?"

"In na yi magana za a tambaye ni yadda na sani."

Ya faɗe ta kamar mai bayanin farashin taki. Dorkas ta dafa ɗorawar. Da ma bashin uwarta kaɗai take bin sa, yanzu ya ƙara mata da na 'yarta.

"In aka tashi daga sujada," ya ci gaba, "mata za su zagaye ni su ce ƙaramin likita, mece ce ƙwaya ɗaya? Ni kuma ba zan yi ƙarya a harabar coci ba. Kafin Talata har kasuwar Funtua an san Jane ba za ta haihu ba. Ki je ki auna. Wadda ta mutu ta huta, mai rai ce ke da sauran zama da mutane."

Ya juya ya koma wurin dammunansa, tana ji yana faɗa wa wani ya matsar da na masara gefe.

*

Lahadi coci ta cika har tagogi. Ranar godiya gida-gida ake kira, kowane gida ya taso daga baya yana rawa da amfanin gonarsa, 'yan zumuntar mata suna buga tukwane da caki, har a kai gaban bagade a sauke. Maigida ya yi gajeriyar godiya, uwargida ta yi tata, a tafa musu, a kira na gaba.

Gidan Amos aka fara kira. Ya zo da dami goma da buhun auduga. Ya gode wa Allah don ruwan sama, don lafiya, don zaman lafiyar zuriyarsa, ya ja ta kamar yadda ya saba. Dorkas tana daga baya tana sauraren kowace kalma, ta ba shi dama har zuwa amin ta ƙarshe. Bai ambaci Marka ba ko sau ɗaya. Da zai koma mazauninsa ma sai da ya ɗan rusuna mata da kai.

"Gidan Malam Ishaya," in ji Fasto.

Ishaya ya ɗora dami a ka, ya shiga gaba. Malamin firamare ne mai sanyin hali, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa ɗaga wa kowa murya saboda ita ba. Tun jiya da yamma da ya dawo daga gidan yayansa yake kauce wa idonta. Dorkas tana gefensa da ƙwaryar wake a ka, Littafin a hammata. Jane tana biye da kwandon gyaɗa, tana bin waƙar da muryar nan tata da ta fi jikinta girma.

Sun kai rabin coci Ishaya ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tata. Bai juyo ba, leɓɓansa kawai ke motsi.

"Yaya ya gaya mini. Don Allah ki bari."

Ta ci gaba da taka rawa.

"Dorkas, ki dubi yarinyar nan."

"Kai ka dube ta, shekara nawa?"

"In kin tona shi, ni kika tona."

"Kai me ya haɗa ka?"

Taku biyu ya yi kafin ya iya faɗa.

"Ina cikin ofishin ranar. Na baro makaranta na zo duba ki, na tarar likita da Yaya suna magana. Na ji Turancin da kunnena, duka biyun."

Ƙwaryar wake ta yi tangal-tangal a kanta, ta kai hannu ta riƙe.

"Da ana cinna wa ɗakin Inna wuta kana tsaye."

"Yayana ne. Na ce in ƙura ta lafa zan yi magana."

Mutumin da ta yi wa kuka a ƙirji ranar da labarin mutuwar uwarta ya zo. Mutumin da ya ce mata ta yi haƙuri, Allah ne kaɗai ya san gaskiya.

Suka iso gaban bagade. Kiɗa ya tsaya. Ishaya ya sauke daminsa, ya yi godiyar da ko na layin farko bai ji ba, ya ja baya yana share gumi.

Fasto ya juyo gare ta da fara'a.

"'Yar'uwa Dorkas, me Ubangiji ya yi miki bana?"

Ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta dubi Amos a kujerar dattawa, ya harɗe hannuwa a kan ciki. Ta dubi mijinta, kansa yana ƙasa. Ba ta waiga baya ba, don ta san in ta waiga ba za ta iya ba.

Ta buɗe Littafin, ta zaro katin, ta ɗaga shi sama yadda na ƙarshen coci zai gani.

"Sunan uwata Marka," in ji ta.

A bayanta ta ji kwandon gyaɗa ya faɗi.